Aron Yatsa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 2 na rana

A bayan littafin awon ɗinkina nake wannan rubutu, don shi kaɗai ne littafin da ba mai buɗe mini. Nas ta ce in riƙa rubuta abin da Maigida yake ci. Zan rubuta, amma sai na fara da abin da ya tsaya mini a wuya.

Kwana biyar ke nan da aka ce yana da ciwon suga, nau'i na biyu. Har yanzu in na faɗa da bakina sai in ji kamar labarin mijin wata nake bayarwa. Mutumin da shekara ashirin da ɗaya muna tare ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi ba. Gwajin shekara-shekara na wurin aikinsu ne ya tono shi. Shi yake tuƙa bas ɗin da ke kwaso ma'aikatan masana'anta da safe ya mayar da su da yamma, kuma shugaban direbobi ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: ya kawo takardar likita kafin ƙarshen watan nan mai cewa ciwon ya daidaita, in ba haka ba ya ajiye makulli. Maigida kuwa in ka raba shi da sitiyari ka gama da shi. Ko hira yake yi, a kan hanya take ƙarewa.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na ɗauki wannan aikin a wuyana.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Dokar nas, kafin in manta. A raba faranti biyu, rabi ganye ne, kabeji ko latas ko me aka samu. Ɗaya rabin a sake raba shi, gefe guda kifi ko ƙwai ko wake, gefe guda abinci mai sitaci, wato shinkafa, taliya, burodi, dankali, kuma kada ya wuce dunƙulen hannunsa. Ni a sanina yadi ake sa wa sitaci, ashe mu ma shi muke ɗura wa cikinmu sau uku a rana. Shayi ba suga. Babbar ƙwaya ɗaya bayan abincin safe, ɗaya bayan na yamma. Gwaji sau biyu, da safe kafin ya ci komai, da kuma awa biyu bayan abincin yamma. Na'urar gwajin tana ajiye lambobin da kanta, kuma cikinta likita zai duba ranar Talata, 18 ga wata.

Jiya ya ajiye dunƙulen hannunsa kusa da farantin, ya dube shi ya dubi shinkafar, ya ce da ya san haka za a yi da tun yana yaro ya kama dambe hannun ya yi girma.

Matsalar hannuna ce. Gwangwani huɗu na shinkafa nake aunawa tun yara uku na gida, manyan biyu sun tafi ban rage ba, yanzu ma hannun ya ƙi koyo. Auta kuwa cin tsuntsu take yi. Ni kuma ba a haife ni da zubar da abinci ba. Abin da na rage a farantinsa, a tsaye nake cinye shi a kicin.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Lambar tana sauka. Ranar farko 243, jiya 171, yau da safe 158. Nas ta ce in ta safe ta dawo ƙasa da 130 an kama hanya.

Ya laƙaba mini suna Saja, wai na fi sojan bakin ƙofa tsanani. Na kama rabin burodi a aljihun rigar aikinsa, ya rantse wai na maigadi ne. Auta har da faɗuwa don dariya.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, huda yatsa. Ƙato guda, amma da ya ga 'yar allurar sai ya kau da kai yana salati. Wai yatsun suna masa zafi in ya riƙe sitiyari. Sau uku ke nan ya sulale da safe bai yi gwajin ba. Agogon na'urar ma ba mu saita shi ba, kullum kwanan wata ɗaya take nunawa, ba wanda ya iya ta a cikinmu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Yau ma ya gudu. Na fito da na'urar na tarar da takalmansa ba sa nan.

Na zauna na ƙirga, gwaji biyar ya tsallake. In likita ya ga giɓi zai ce ba ma bin doka. Sai wata dabara ta faɗo mini, kuma har ga Allah na ji daɗin kaina. Na'ura ta san jinin wa aka ɗiga mata? Ni tela ce, allura ta huda yatsun nan ya fi sau dubu, ko a jikina. In cike masa giɓin da nawa, lafiyayyen jini, lambobinsa su yi kyau, a ba shi takardarsa. Aron yatsa ne kawai, ba wanda aka cuta.

Bari in yi kafin in karya, in wuce shago.

Talata, ƙarfe 9 da kwata

Na'urar nan ta lalace.

Talata, ƙarfe 10 saura

Na wanke hannu da sabulu, na canja yatsa, na sake. Ta lalace, na ce.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na biya ta kemis na sayi sababbin tsinkayen gwaji, waɗanda ake ɗiga jini a kai, don an ce in suka sha iska sukan yi ƙarya. Na nuna wa mai kemis na'urar. Ya jujjuya ta ya ce lafiyarta ƙalau. Da ya ga lambobi biyun ƙarshe sai ya cire tabarau ya tambaye ni ko na Maigida ne. Na ce eh. Ya ce kada in bari a kwana ban kai shi asibiti ba.

Na tambaye shi, kamar ba komai ba, yadda ake goge lamba. Ya ce irin wannan ba a gogewa, da gangan aka yi ta haka saboda masu wayo. Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Na gwada sabon tsinken a banɗakin shago. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Zafi ne ake yi. Kowa ma yana shan ruwa.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Mu huɗu ne a shago, kuma kekena yana kusa da na Rediyo, wadda ta samo sunan nan saboda ba a kashe ta. Yau sau uku tana zura mini zare a allura. A na ukun ta ce, Yaya, ke da kike zura zare ido a rufe? Na ce hasken shagon ne. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila biyu da ke ci a kaina, ta ce kuma tun safe ta ƙirga, sau bakwai na shiga banɗaki, ga robar ruwa ta uku. Na ce ta ƙirga wuyan rigunan da ba ta gama ba.

Inda almakashi ya yanke ni a babban yatsa yau kwana goma sha biyu, bai kame ba. Na ɗaure shi da ƙyalle.

Ni ba ni da komai. Ni ce mai jinya a gidan nan.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Tasa ta safe 134. Ya yi ta murna, har ya ɗaga Auta sama duk girmanta. Ya ce Saja ta cancanci ƙarin girma.

Da ya fita wanke bas na sake ɗauko ta. Kullum sai in ce wannan karon za ta fito daidai, kuma in ta fito daidai sau biyu ko uku za ta rufe na baya. Jiya ko shayi ban sa wa suga ba. Amma taliyar da ta ragu fa, na cinye, ban ma san na cinye ba sai da na ga ina wanke tukunya.

Sau tara ke nan. Duk suna ciki, a cakuɗe da nasa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Yau ne asibiti. Na ce masa ba zan samu zuwa ba, kayan makaranta sun yi mana yawa a shago. Gaskiya ne sun yi yawa. Ya sa na'urar a aljihu yana fito. Na raka shi har bakin ƙofa, na buɗe baki, sai na ji na ce a dawo lafiya.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Ba a ba shi takardar ba.

Ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya zauna a kujera da takalmansa. Wai likita ya bi lambobin, ya ce wasu sun yi kyau amma goma sha ɗaya daga ciki sun yi mugun hawa, alamar ƙwaya iri ɗaya ba ta riƙe shi. Ya tambaye shi ko yana satar cin abinci. Maigida ya rantse, likita ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin rantsuwa. An ƙara masa wata 'yar ƙaramar ƙwaya fara da zai riƙa sha kafin abincin safe, ya dawo ranar 31.

Ya ce shi bai taɓa ganin waɗannan lambobin ba, amma da yake kau da kai yake yi in ana gwajin, wataƙila ni na gani na ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Ya ce ya gode, amma in daina. Godiya fa ya yi mini.

Na soya masa kifi. Ya ture shinkafar gaba ɗaya, wai daga yau ko dunƙulen ma ya yafe.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Gobe zan faɗa masa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na haɗa hannun riga a baibai, Rediyo ta farke mini ba ta ce uffan ba. Shirunta ya fi surutunta ba ni tsoro.

In na faɗa, ya zan fara? In ce na yi niyyar yaudarar likita? Ko in fara da ɗayan, wanda ko a littafin nan na kasa rubutawa? Mahaifiyata da wannan abin aka yanke mata yatsun ƙafa biyu, ni na riƙa wanke mata ciwon. Na san hanyar nan tun daga farkonta har inda take ƙarewa, kuma ba na so in taka ta.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Wajen sha ɗaya da rabi yana gyara famfo a tsakar gida sai na ga sifana tana rawa a hannunsa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ya daka wa Auta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da ya ci abinci sai ya dawo daidai, ya ce yunwa ce kawai.

Na ɗauko takardar da ke cikin kwalin ƙaramar ƙwayar na karanta, da ƙyar, ina matso da ita ina nesantawa. An rubuta cewa in mutum ya sha ta bai ci isasshen abinci ba, suga yakan faɗi ƙasa warwas: rawar jiki, gumi, jiri, har suma. Mutumin da lambarsa ta riga ta sauka, aka ƙara masa magani saboda lambar da ba tasa ba, shi kuma ya daina cin sitaci gaba ɗaya.

Ni nake zuba masa ƙwayoyinsa a ɗan gwangwani kowace safiya. Daga gobe ba zan sa ƙaramar ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ya gane. Ya zazzage gwangwanin a tafin hannunsa ya ce ina farar? Na ce mantuwa na yi. Ya ce jiya ma mantuwa? Ashe Saja ma takan yi barci a bakin aiki. Ya ɗauki kwalin gaba ɗaya ya sa a aljihu, ya haɗiye ɗaya a gabana, ya kora da shayi ba suga da dafaffen ƙwai guda.

Na ce don Allah ya ci ko yanka ɗaya na burodi. Ya ce saura kwana bakwai, ba zai bari burodi ya raba shi da makullinsa ba. Na cusa alawa uku a aljihunsa, ya ciro su ya ajiye mini a kan tebur yana dariya.

Ina tsaye har ƙarar takalmansa ta ɓace. Yau ma ban faɗa ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Sun kira daga wurin aikinsa.

Talata, ƙarfe 5 na yamma, a bencin asibiti

Yana da rai. Bari in fara rubuta wannan. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye.

Wata ma'aikaciya da ke zaune a kujerar bayansa ce ta ba ni labari, ita ta biyo shi asibiti. Sun taho gangaren da ke kafin gada, bas cike, sai ta ga wuyansa yana ɗigar da gumi, motar tana cin layin wasu. Ta kira shi bai amsa ba. Ta ce ba ta san yadda ya yi ba, amma ya kai motar gefe, ta gogi katangar wani shago tun daga fitila har ƙofa, ya ja birkin hannu, sannan kansa ya faɗi a kan sitiyari. Da ya ɗan motsa ta ɗura masa lemon kwalba. A asibiti aka gwada, 49.

Mutum ashirin da takwas ne a cikin motar. Matar tana da ciki, ya kai wata bakwai. Ta riƙe hannuna tana ce mini in gode wa Allah mijina jarumi ne, ni kuwa cikin nata kawai nake kallo.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Da hantsi likita ya shigo ɗakin da na'urar a hannunsa. Maigida yana zaune a bakin gado, ni ina kan kujerar roba. Likita ya yi ta danna maɓallin yana komawa baya, goshinsa a tattare. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, tun da aka ƙara maganin babu babbar lamba ko ɗaya, sai ƙanana masu ban tsoro, kafin nan kuwa wata ta yi sama wata ta yi ƙasa.

"Sai ka ce mutum biyu ne a cikin na'urar nan," in ji shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwance ƙyallen da ke babban yatsana na miƙa masa hannun.

"Likita, mutum biyu ne. Manyan nan goma sha ɗaya nawa ne."

Na faɗi sauran duka, ban rage komai ba, har da dabarar da na ji daɗinta. Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya soke ƙaramar ƙwayar nan take, ya kira nas ta ɗebi jinina, ya duba yankan almakashin ya tambayi kwana nawa. Maigida bai dube ni ba. Silin yake kallo, kamar an ba shi aikin ƙirga shi.

An buɗe mini kati. Sunana ne a jiki.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Mun dawo gida. Yana amsa gaisuwa, yana cin abin da na ajiye. Bai kira ni Saja ba, bai kira ni komai ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Bayan la'asar ya aiki Auta gidan yayarta, ya ɗauko na'urar ya zauna a tabarma, ya ce in zo. Ya riƙa danna lambobin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, kowacce sai ya tambaya, tawa ko taki? Ina amsawa. Muryarsa ba ta tashi ba ko sau ɗaya.

Da muka gama ya ajiye ta a tsakaninmu.

"Mutum ashirin da takwas na ɗauko," ya ce. "Kin sani tun Asabar ɗin da ta wuce, kika bar ni na hau motar nan."

Na ce na sani.

Sai ya sake ɗaukar na'urar ya koma kan lambata ta farko, ta ranar Talatar nan, ya tsura mata ido.

"Wannan kuma fa? Kwana goma sha biyar kina yawo da ita a cikin gidana, kina auna mini shinkafa, kina cinye sauran a tsaye. Ni kuma ina ta yi miki wasa." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Wancan zan yafe, ki ba ni lokaci. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba."

Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau. Na tsorata fiye da ranar da aka kira ni daga wurin aikinsa.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Wata ya ƙare, babu takarda. Likita ya rubuta musu wasiƙa cewa magani ne ya yi masa yawa kuma an gyara. Na ce zan bi shi in yi wa shugaban direbobi bayani da bakina, ya ce in zauna, maganar gidansa ba ta gareji ba ce. Sun karɓi makullin. Wata uku zai yi a gareji yana duba mai da tayoyi, yana kallon wani yana fita da bas ɗinsa, daga nan a sake gwaji a gani. Ya dawo da rigar aiki a ninke a hannu.

Ina kicin na ɗauko gwangwani sai na ji shi a bayana. Ya karɓe shi daga hannuna, ya auna biyu, ya ɗaure bakin buhun. Na ce ba za ta isa ba. Ya ce in dunƙule hannuna ya gani. Ashe nawa bai kai rabin nasa ba. Mun ci mu uku, tukunya ta tashi ba ko ƙwara, ba abin da ya rage da zan tsaya a kansa.

Yanzu na'ura biyu ce a kan tebur, ya ɗaura wa tawa jan zare, Auta ta saita musu agogo. Gwangwanin ƙwaya ma biyu ne.

Ɗari uku da goma sha ɗaya. Ita ce lambar ranar Talatar nan, kuma tawa ce. Ina da ciwon suga.

Ta yau da safe 204. Shi ya huda mini yatsan, ya riƙe hannuna gam, ya kau da kai yana salati.